Shekarar da Baba Ɗan'ige Ya Yi Awo

Cikin duk shekarun da na yi ina malamin gona, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda na je gonar gwaji na tarar an kwashe mini tsutsa. E, tsutsa na ce, ku daina dariya. Ku da kuka shigo aiki yanzu kuna ganin babban tashin hankali shi ne a hana ku man babur. To ku gyara zama ku ji yadda ofishinmu ya yi wa wani dattijo abin da fari da fara ba su taɓa yi masa ba.

Lokacin jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, kujeru sun fi masu zama yawa. Duk wanda ya dawo gida da fayil a hammata sai ya wayi gari shugaba. Haka muka samu Alhaji Mainasara a matsayin shugaban shiyya a Ƙauran Namoda, shi ke kula da malaman gona na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. A Sakkwato siton taki yake riƙe da shi. Mutum ne mai fara'a, ba ya zagi, ba ya hana hutu, amma iyakar saninsa da dawa shi ne in ta zama tuwo. Oga muke ce masa. Ni kuwa, Lawali, ƙaramin ma'aikaci ne, an ajiye ni a ƙasar Zurmi, ƙauyukan da ke bayan Gurbin Bore.

Don waɗanda ba ma'aikatan gona ba, bari in yi bayanin tsutsar kara. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka yake saka ƙwai a jikin dawa tun tana ƙarama. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta huda ta shige cikin karan, ta ci zuciyar shukar. Sai ka ga tsakiyar dawa ta bushe, gefe na kore. Wadda ta tsira ta yi tsawo kuwa, iska kaɗan sai ta karye da zangarniya. In an girbe, tsutsar ba ta zuwa ko'ina. Cikin busasshen kara take kwanciya duk tsawon rani, musamman in karan yana tsaye ko yana inuwa. Ruwan farko na sauka ta yi fiffike ta fito neman sabuwar shuka. Shi ya sa muke ce wa manoma su ƙone karan da ya kamu ko su baje shi a rana, su kuma suna kallonmu kawai, don da kara ake darni, da shi ake rumfa, da shi ake girki.

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wasu masu bincike suka kawo mana irin dawa kala-kala a gwada, a ga wadda ta fi jure wannan tsutsa. Ƙa'idar gwajin ita ce a shuka su jere, kar a fesa magani, a bar tsutsa ta zaɓi wadda take so. Ana buƙatar fili nesa da gonakin mutane. Wanda ya ara mana shi ne Baba Ɗan'ige na Tungar Marke, ya ba mu gonarsa ta daji, can bayan dutse, inda ba kowa.

Baba Ɗan'ige dattijo ne mai gida cike da baki, 'ya'ya da jikoki da marayun ƙaninsa. Abincinsu duka daga gonarsa ta bakin gari yake fitowa, wadda ya shekara da shekaru yana zuba wa taki, yana shuka farafara, farar dawar nan ta gargajiya. Ba shi da mota, bai je Makka ba, amma yana da abu guda da yake tinƙaho da shi. Ko gaisawa kuka yi sai ya saka shi cikin zance.

"Malam Lawali, tun da nit tashi ban taɓa awo ba. Ko shekarar babban fari, daga rumbuna munka ci. Ranar da kag gane ni tsugune gaban mai tiya, ka ce Ɗan'ige ya ƙare."

Awo, ga wanda bai sani ba, shi ne magidanci ya je kasuwa ya sayi hatsin da gidansa zai ci. A birni ba komai ba ne. Ga manomi irin Baba, tsirara ce a tsakiyar kasuwa.

Gwajin farko ya nuna abin da ya nuna. Fararen irin nan masu kyan gani tsutsa ta yi musu kaca-kaca, farafara ta sha da ƙyar, sai wata jar dawa gajera, mummuna, ita ce ta tsaya ƙyam. Mutanen gari suka sa mata suna Gajeruwa. Na kawo wa Baba zangarniyarta ina ta murna, ya juya ta, ya taɓe baki.

"Ta yi jimiri, ban musa ba. Amma dubi karanta, ko akuya mai ciki ta tsallake shi. Yanzu da shari'a taz zo anka ce kowa shi ɗaga darnin gidanai, da mi zan ɗaga nau?"

Matarsa Inna Hassi ta leƙo daga zaure ta ƙara da nata. "Na tuƙa ta jiya, yara sunka ce ko jar ƙasa ce nid dama musu."

Bayan girbi masu binciken suka ce baɗi za a maimaita, kuma suna son tsutsa ta zo da yawa don a tabbatar. Suka ce in bi gonakin da ta fi yi wa ɓarna, in tattara karan, in jibge a inuwa can gonar daji, in damina ta zo a shimfiɗa shi gefen kunyoyin gwaji. Na ɗauki hayar amalanke na bi ƙauye-ƙauye ina roƙon kara mai tsutsa. Ba wanda ya hana ni, sai dai dariya. Daga nan na samu sunan da har yau wasu ke kirana da shi a kasuwar Zurmi, Lawali Mai Tsutsa. Na tara tsibi guda ƙarƙashin wata tsamiya, dogon kara mai kauri, in ba ka matsa ka ga 'yan hujin jikinsa ba sai ka ce babu irinsa a ƙasar.

Ana nan Oga ya zo rangadi, na kai shi ya ga wurin. Bai kalli gonar ba, tsibin ya tsaya kallo.

"Kai! Wannan kara haka, na wane ne?"

"Na gwamnati ne, ranka ya daɗe. Na gwaji ne, cike yake da tsutsa."

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, yana gyaɗa kai yana cewa madalla. Daga baya na gane cikin duk abin da na faɗa, "na gwamnati ne" kaɗai ya shiga kunnensa.

To, bayan babban taron ƙaddamar da shari'a da aka yi a Gusau, kowace ƙasar hakimi ta so ta yi nata taron wa'azi da murnar shari'a. Mutane da gaske suke, ni ma da gaske nake, har sabuwar riga na ɗinka. Yankinmu aka zaɓi filin bakin Tungar Marke, wanda ke manne da gonar Baba ta gida. Kwamitin taro ya ce kowane sashe na gwamnati ya kawo gudummawa. Sashen lafiya suka ce za su kawo duro-duron ruwa, sashen ayyuka za su share fili, makarantu za su ba da benci. Aka zo kan aikin gona. Taraktarmu tana kan duwatsu babu taya, sito babu komai sai ɓeraye. An ce gumi ya karyo wa Oga, can sai fuskarsa ta washe. Ya miƙe ya ce sashensa ya ɗauki nauyin darnin da zai raba maza da mata, da rumfar malamai, da kewaye filin gaba ɗaya. Aka yi kabbara.

Ni ban san an yi ba. Na je gonar daji da safe, na tarar ƙarƙashin tsamiya fayau, sai sawun tipa. Innalillahi! Na hau babur na bi sawun, ya kai ni har bakin gari. Wallahi ban taɓa ganin darni mai kyan wannan ba, ya miƙe sak, ya fi tsawon mutum, ya zagaye filin, gefe guda yana bin iyakar gonar Baba daga farko har ƙarshe. Baba kansa yana cikin masu ɗauri, igiya a baki, yana neman lada. Wani mai barkwanci ya hango ni ya ɗaga murya.

"Malam Lawali, ka makara! Tsutsarka ta riga ka zuwa wa'azi!"

Aka fashe da dariya. Ban ko sauka ba na juya sai Ƙaura.

"Ranka ya daɗe, karan nan da aka kai filin taro, na tsutsa ne. In ruwa ya sauka yana nan, gonakin bakin gari sun tafi."

"Haba Lawali, ina damina ina yanzu? Taron jibi ne. Tsutsar za ta hana mutane jin wa'azi ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Za ta ciji babban baƙo?"

"Ba ta cizo."

"To ka gani. Ana gamawa ka yi yadda ka ga dama da kayanka."

Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, don gaskiya akwai sauran lokaci. Aka yi taro lafiya, malamai suka yi wa'azi mai ratsa jiki, aka yi maganar amana da haƙƙin maƙwabci, na ga Oga a sahun gaba yana share hawaye. Babban baƙon da ya zo daga Gusau ya yaba darnin nan a lasifika, ya ce wannan shi ne aiki da cikawa, ya ce a bar shi ya zama filin taro na dindindin. Kowa ya yi kabbara ban da ni.

Da sati ya kewayo na koma Ƙaura na ce na zo a ba ni izini in ƙone. Oga ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, ya rage murya.

"Lawali, kana son kanka kuwa? A wannan lokaci, ma'aikacin gwamnati ya cinna wa rumfar taron shari'a wuta? Me kake so a faɗa a rediyo? Ni ba ni da hannu, yanzu kayan kwamiti ne."

Na tafi wurin shugaban kwamiti. Ya ce su taro aka ɗora musu, taro kuwa ya ƙare, kwamiti ya watse, in ga hakimi. Wakilin hakimi ya ce abin da babban baƙo ya sa wa albarka ba shi zai taɓa ba, amma tunda magana ce ta tsutsa, ai ta sashen aikin gona ce, in nemi malamin gonar yankin. Na ce ni ne. Ya ce to madalla, ashe ma na san hanya. Haka na yi ta zarya tsakanin Zurmi da Ƙaura har tayar babur ta suɗe, zafi na ƙaruwa, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas.

Mutum ɗaya ne ya ba ni amsa kai tsaye, limamin Tungar Marke. Na fasa masa kara guda a gabansa, ya ga abar kwance fara sol.

"Subhanallahi. Malam, wanga kara ne, ba masallaci ba. Addini bai ce a bar ɓarna ba. In da nau ne, da yau na ƙone shi. Amma ba ni nig gina ba, ka samu masu shi."

Masu shi kuwa babu. Darnin da ranar taro kowa ke cewa da hannunsa a ciki, yanzu ya zama maraya.

Raina ya ɓaci, na ce in kora ce a kore ni. Na sayi kananzir da ashana, na je filin da hantsi, na ce aƙalla ɓangaren da ke jikin gonar Baba sai na kwantar da shi. Ina cikin kwance igiya sai na ji an riƙe mini hannu. Baba Ɗan'ige ne.

"Ɗana, aje ashanar ga."

"Baba, gonarka nake ceto. Liman ma ya ce ba laifi."

"Na ji mi Liman yac ce. Amma kai baƙo ne, gobe a ɗauke ka a kai wani gari. Ni nan za a rufe ni. Ka so jikokina su tashi ana nuna su, ana ga ɗiyan wanda anka ƙone rumfar shari'a don dawa tai? Bar shi. In masu shi sunka ba da izini, ni zan fara kunna wuta."

Abin da na iya shi ne na roƙe shi ya shuka Gajeruwa, ko a kusurwa guda ce. Ya yarda don ya sallame ni, ba don yana so ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, dawa ta fito kore shar. Ba a jima ba, in magariba ta yi sai ka ga 'yan malam-buɗe-littafin nan na tashi daga darnin kamar hayaƙi. Na nemi maganin feshi a ofis, aka ce yana hanya. Kafin ya iso tsutsa ta riga ta shige cikin kara, inda ko ka yi wa shukar wanka da magani ba ya isa gare ta. Gonakin bakin gari duk sun taɓu, amma ta Baba da ke manne da darnin ita ta sha kashi. Farafarar nan da ake zuwa kallo ta koma kamar kan mai ƙora, nan tsiro, can fili. Ya yi dashe, ta cinye dashen. Kusurwar Gajeruwa kaɗai ta tsaya, jajir, kamar ba a gonar take ba.

Na kai rahoto Ƙaura ina tsammanin Oga zai shiga damuwa. Ya saurara, ya tambaye ni sau biyu ko da gaske sabon irin ya tsaya, na gida ya faɗi. Na ce haka ne. Sai ya buga tebur.

"Allahu akbar! Lawali, ai wannan nasara ce! Gwaji a gonar manomi, a bakin hanya, kowa na gani. Wa ya taɓa yin irinsa a jihar nan?"

Aka sa ranar manoma. Ina kuke tsammani aka yi ta? A filin nan dai, cikin inuwar darnin nan. Motoci suka zo daga Gusau. Oga ya riƙe sanda yana nuna wa baƙi gonar, ga tsohon iri yadda ya kasa, ga sabon da sashensa ya kawo. Ya ce da gangan aka jawo tsutsa kusa don manoma su gani da idonsu, dabara ce ta zamani. Aka tafa. Aka kira Baba, aka ba shi zangarniyar Gajeruwa ya riƙe, mai hoto ya ce ya yi murmushi. Aka ba shi kyautar agogon bango. Sannan Oga ya rufe jawabinsa da albishir, ya ce abin da wannan kusurwa ta bayar ba na ci ba ne, iri ne, za a raba wa manoman Ƙaura da Shinkafi da Zurmi don kowa ya amfana. Aka dubi Baba a gaban jama'a aka ce ko ya amince. Dattijo a gaban manyan baƙi, lasifika a bakinsa, me zai ce? Ya ce Allah ya sa albarka.

Ranar girbi motar ofis ta zo ta kwashe dammunan Gajeruwa. Wannan karon ba ta makara ba. Kafin shekara ta fita aka ɗaga Oga zuwa hedikwata. Darnin kuwa, da mata suka rasa itacen girki da rani, suka zare shi kara-kara har ya ƙare, ba wanda ya nemi izinin kowa.

Da bazara aiki ya kai ni kasuwar Shinkafi. Ina ratsa layin 'yan hatsi sai na hango wani tsoho tsugune gaban mai tiya, ya ja rawani ya rufe rabin fuska, yana riƙe da bakin buhu. Hular da ke leƙowa saman rawanin na fara ganewa, Baba Ɗan'ige ne. Ga kasuwar Gurbin Bore kusa da gida, ga ta Zurmi, amma ya tsallake su ya zo har nan don kar wanda ya san shi ya gani. Na so in juya, sai muka haɗa ido. Na durƙusa na gaishe shi.

Bai ɓoye buhun ba. Ya bari mai tiya ya gama, ya ɗaure bakin da kansa, sannan ya dube ni.

"Ka gani da idonka, Malam Lawali, ba sai an ba ka labari ba. Hassi ta ce in gaishe ka in mun gamu, ta ce yanzu ko jar ce ta samu, tuƙawa za ta yi."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙuri ai shi munka shuka bana. Dawarku ta jure, an rubuta. Ni ma ga ni, ban faɗi ba. In kun koma ofis ka tambayo mini, baɗi wa za ku gwada?"

Na ɗora masa buhun a kan babur na kai shi tasha. Ya ce in sauke shi bayan motoci, ba gaba ba.

Gajeruwa ta bazu, yau akwai ta a gonaki da yawa, kuma irin kirki ce, ban taɓa cewa ba ita ba ce. Amma ku da za ku fita ƙauye da sabon iri a jaka, ku riƙe wannan. A aikinmu ana auna juriyar dawa, a rubuta, a tafa, a ƙara wa wani girma. Juriyar mai gonar ba wanda ke aunawa, don an saba ba ya ƙara. Tun daga shekarar nan, duk wanda ya ce mini zai ara wa gwamnati gona, ba na fara tambayarsa faɗinta. Ina tambayarsa baki nawa ke ci daga rumbunsa, in kuma ya ce mini bai taɓa awo ba, sai in ce ya bari in nemi wani.